Gyaran cikin Fijo 504 ɗin Baba, inda aka kwana

Asabar, 11 ga Janairu

To Alhamdulillah yau dai na sa hannu. Shekara kusan shida motar nan tana ajiye a gindin darbejiyar gidanmu na Tudun Wada tun rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa. Bara muka tada injin, bakanike ya wanke kafireta ya canja fulogi da famfon mai da tayoyi, yanzu kam buga ɗaya take tashi, amma cikinta ne ba ya shiguwa. In ka buɗe ƙofa wani warin ruma ne da na ɓera zai fara maka sallama, kujerar direba ta lotsa har kana jin ƙarfe a ƙasanka, silin ya saki ta baya yana taɓa kan mutum, kafet kuwa in ka taka sai ƙura ta tashi.

Fijo 504 ce salun, mai injin 2.0, haɗin Kaduna. Wanda ya tashi a garin nan ba sai an masa bayani ba, a 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kakuri, kuma ko bayan da Faransa ta daina yin salun ɗin a 1983 nan aka ci gaba da fitar da ita har wajen 2006. A 1968 ta fara fitowa a can, shekara ta zagayo aka zaɓe ta motar shekara ta Turai. A nan kuma a zamaninta ita ce motar ofis, ita ce ta ma'aikaci in ya samu bashin mota, wagon ɗinta ce ke jigilar Kano zuwa Legas. Baba ma da bashin mota ya saye ta.

Abu ɗaya nake so in faɗa tun yanzu saboda abokai biyu sun riga sun fara bani shawara. Ni ba motar kallo zan yi ba wadda za a lulluɓe da tamfol a fito da ita ranar biki. Motar hawa nake so, in kai yara makaranta da safe, in wuce aiki, in kai Hajiya asibiti ranar ganin likitanta, ran Juma'a a tafi masallaci. Duk abin da zan saka a cikinta sai ya iya jure rana da ƙura da yaran da ke shan fura a baya. Da wannan zan auna komai.

Yau hoto kawai na ɗauka, kowane lungu, kowane noti, don nasan in aka kwance abu bayan wata biyu ba wanda zai tuna yadda yake.

Asabar, 18 ga Janairu

Ni da ƙanina muka kwance kujeru. Na gaba kowace noti huɗu ke riƙe da layinta a ƙasa, sai ka tura kujerar gaba ka kwance na baya, ka dawo da ita baya ka kwance na gaba. To ta direba ta ƙi motsi sam, tsatsa ta cinye layin, sai da muka jiƙa shi da kananzir da baƙin mai muka je muka yi azahar muka dawo sannan ta yarda da ƙyar. Noti ɗaya ya karye a ciki, na barshi sai wajen mai walda. Kowane noti da wasa na zuba a ledar kansa na rubuta inda ya fito da biro.

Abin da muka samu a ƙarƙashin kujera ne ya tsayar dani. Kwabbai na da, sule biyu da sisi, rasit ɗin tolget na hanyar Zariya wanda ya koma ruwan ƙasa, kunsan tun ƙarshen 2003 aka rushe waɗannan tolget ɗin, to ka ga shekarun da takardar nan ta yi a wurin. Sai carbin Baba ƙarami mai ƙwaya 33 da ya taɓa nema ya rasa har ya ce mu yara ne muka ɗauka. Ya faɗa tsakanin kujera da wajen hambirki. Na ɗan jima a tsugune riƙe da shi, ƙanina bai ce komai ba ya je ya ci gaba da kwance kujerar baya shi kaɗai. Da daddare na kai wa Hajiya, ta karɓa ta saka a jakarta.

Da muka ɗaga kafet sai labari ya canja. Abin da ke ƙarƙashinsa, wannan shimfiɗar mai kama da bargo da ke tare zafi da ƙara, ya ruɓe ya manne da ƙarfe. Wajen ƙafar direba da na mai zaman banza duk tsatsa ce, na danna da sukundireba a gefen hagu sai gashi ya ɓula ina hango ƙasa. Ramin bai kai tafin hannu ba amma kewayensa duk ya yi laushi. Wato da na bi son raina na kai kujeru aka yi musu sabuwar riga na mayar, da an yi ado an bar ciwo a ƙasa.

Lahadi, 26 ga Janairu

Sati guda ina kankare ƙasan mota da buroshin ƙarfe da sandfefa bayan la'asar, ga sanyin hunturu ga ƙura, hannuna duk ya farfashe. Yau na sa ƙanina ya riƙa kwara ruwa da bokiti a kan gilashin gaba ni ina kwance a ciki da tocila. Ta wuri biyu ruwan ke shigowa. Robar gilashin gaba ta bushe ta tsage a kusurwar ƙasa, sannan magudanar da ke gaban gilashi inda waifa take ta toshe da busasshen ganyen darbejiya, ruwa ya rasa hanya sai ya biyo ta ciki. Damina shida kenan yana kwanciya a ƙarƙashin kafet. Na zare ganyen da waya, ya kusa cika kwano.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na kai ta Panteka wajen masu walda, a kan benci na zauna na tuƙa a hankali tunda babu kujera, ban ba kowa shawarar ya yi haka ba, tafiyar ba nisa ne shi yasa. Mai waldar da na samu dattijo ne ya san Fijo kamar yunwar cikinsa. Kafin ya kunna wuta sai da ya cire kan batir, ya leƙa ƙasa ya nuna min inda bututun mai da na birki suka bi, ya kare su da jiƙaƙƙen buhu, ya ajiye yaronsa da bokitin ruwa a gefe. Wannan kaɗai ya sa hankalina ya kwanta da shi.

Nace masa ko za a ɗora faci a kan ramin kawai, yace Alhaji in ka rufe tsatsa da ƙarfe ai ɗaki ka gina mata. Ya yanke duk inda ya yi laushi har ya kai ga lafiyayyen ƙarfe, ya yanko falanki daidai wurin ya ɗinke. Ya fitar da notin da ya karye, ya kuma duba inda bel ke ɗaurewa a jikin ginshiƙi da ƙasa, yace nan lafiya lau. Da na dawo gida na shafa jan fenti mai hana tsatsa hannu biyu, sannan baƙi a kai, ta ƙasan mota ma haka.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Raina a ɓace yake yau. Tun ranar da muka kwance kujeru na kai ta mai zaman banza wajen wani mai kushin da aka min kwatance, nace a fara da ita a gwada hannu, kuma Allah ya taimake ni da ban kai duka ba. Na karɓo ɗazu, daga waje sumul kamar sabuwa, ina zama sai na nutse. Na zo gida na buɗe ta ƙasa, ashe tsohon soson nan da ya zama gari bai cire ba, soson katifa mara nauyi ya ɗora a kai ya ja leda ya rufe. Sifirin biyu da suka tsinke ko taɓa su bai yi ba, igiyar roba ya ɗaure wurin da ita. Abin da yafi min ciwo matashin kai. Masu 504 sun san yadda nata yake, yana shigewa cikin bayan kujera ya yi daidai da ita, in kana so ka jawo shi sama. To shi ya bi ya lulluɓe wurin gaba ɗaya da leda, wai ai haka yafi kyau.

Na koma na masa magana cikin mutunci, yace kuɗin da na bayar iya aikinsa kenan. Ban ja ba, na bar shi da Allah na ɗauko sauran kayana. Darasin da na ɗauka dai, daga yau duk aikin da za a rufe shi da yadi sai ina tsaye an yi na cikin.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mai waldar nan ne ya haɗa ni da wani tsoho mai aikin kushin, yace tun ana yayin Fijo yake wannan sana'a. Shagonsa ɗan ƙarami, keken ɗinki ɗaya babba na masu fata, yara biyu, ga tsofaffin kujeru jibge har rufi. Ina sauke kujerar direba ya shafa ta da hannu yace ɗana mai motar nan dogo ne kuma yana jingina da hagu ko? Nace Baba haka ne, gwiwar hannunsa kullum tana kan taga. Wallahi daga lotsawar soso kawai ya gane.

Wuni na yi a wurin, kuma ban yi asarar wunin ba. Ya farke rigar kujerar a hankali ta bin ɗinki, bai yaga ba, yace tsohuwar riga ita ce ma'aunin sabuwa, kowane ƙyalle ya shimfiɗa ya sa masa lamba da alli. Firam ɗin ya tsage a inda baya ke haɗuwa da mazauni, aka aika aka yi walda. Sifirin da suka tsinke ya ciro wasu daga wata matacciyar kujerar 504 da ke cikin tarin nan ya maye. Sannan ya shimfiɗa algarara a kan sifirin kafin soso, yace in babu ita ƙarfe ne zai riƙa yanka soson kamar wuƙa, shekara ɗaya ka ga gari yana zuba a ƙasa.

Maganar soso kuwa ya min karatu. Ya miƙo min guda biyu masu kauri ɗaya yace ɗaga ka ji. Ɗaya kamar iska, ɗaya da nauyi. Yace mutane taushi suke dubawa a kasuwa alhali nauyi ake dubawa, mai nauyin shi ke daɗewa bai kwanta ba. Hawa biyu zai yi, a ƙasa mai tauri irin wanda ake matsewa daga gutsattsarin soso, a sama inci ɗaya mai laushi, gefe da gefe kuma ya ƙara tudu don ya riƙe cinya a kwana. Da wuƙar burodi yake sassaƙa shi yana sa ni ina zama ina tashi, har sai da idona ya yi daidai da saman sitiyari kuma ƙafata ta kai kuloci ba tare da na miƙe ba. Abin da 504 ta yi suna a kai kenan dama, kujera mai daɗi da ƙafa mai shanye gargada, motar da ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, in kujerar ta lalace rabin daɗinta ya tafi.

Sai muka zo kan riga. Ƙanina fata yake so, yace a je Kano a samo mai kyau. Fata tana da kyau ban musa ba, amma tana son kulawa, rana tana busar da ita ta tsattsage, kuɗinta kuma ya fi ƙarfina. Leda zalla kuwa duk wanda ya taɓa shiga motar da ta wuni a rana a watan Afrilu ya san yadda take ƙona cinya, ga gumi ya jiƙa bayan riga kafin ka isa ofis. Mun tsaya a kan yadi mai kauri ruwan ƙasa a tsakiya inda jiki ke taɓawa, leda a gefe da baya inda takalman yara ke gogawa, a goge da tsumma a wuce. Yadin ma sai da na zaga kasuwa sau biyu, duk na waje ne. Abin ya taɓa ni, garin da a da masaƙu ke jere a Kakuri kusa da inda aka haɗa motar nan, yau ƙyallen kujerarta sai an shigo da shi.

Ita ma ta mai zaman banza zai sake ta daga farko, ya buɗe wa matashin kai hanyarsa.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya shiga sati ɗaya kenan, aiki ya koma bayan tarawih. Bangon ƙofofi nake yi da kaina a tsakar gida. Katakon ciki duk ya sha ruwa ya kumbura ya lanƙwashe, na sayo silin bod sabo na ɗora tsohon a kai na zana, na yanka, na huda ramukan kilif ɗaya bayan ɗaya. Na farko na ɓata shi don ramin hannun zuge gilashi ya kauce da kusan rabin inci, na biyu ya zauna. Na shafa wa bayan katakon fenti don kar ya sake shan ruwa.

Abu biyu da na koya. Gam ɗin nan ba a shafawa a manna nan take, sai ka shafa ɓangare biyu ka jira ya sha iska har in ka taɓa ba ya bin yatsa, sannan ka haɗa daga tsakiya zuwa gefe. Kuma a waje ake yi, warinsa yana hawa kai, nesa da wuta. Na biyu, ledar da ke manne a jikin ƙofa bayan katakon ba ado bace, ita ke tare ruwan da ya biyo gilashi, a motar nan duk an yage ta tun wani gyara na da. Na yanka sabuwa mai kauri na manna, na kuma buɗe ramukan da ke gindin kowace ƙofa da suka toshe da laka.

Asabar, 22 ga Maris

Silin ya hau. Wannan ban yi gangancin yi ni kaɗai ba, Baba mai kushin ya zo da yaronsa da mai gilashi, tunda bakin yadin yana shiga ƙarƙashin robar gilashin gaba da na baya dole a cire su. Sandunan ƙarfen da ke riƙe da shi ba tsawonsu ɗaya ba, da ma na sa musu lamba ranar da na cire. Da hantsi muka yi don rana ta ɗan tausasa ledar ta miƙu, suna ja daga tsakiya suna kamawa da kilif, duk da azumi tsohon nan bai yi gaggawa ba. Ɗan tattara ya rage a kusurwar baya ta dama, yace in ba ta sati biyu a rana zai baje.

An saka sabuwar robar gilashi. A ƙasa kuma na shimfiɗa abin tare zafi sabo, sannan kafet baƙi, na yanka shi gida gida yadda zan iya ɗagawa in duba ƙasa ba sai na kwance kujera ba. Tudun tsakiya inda furofela ta bi ne ya ban wahala, sau uku ina gwadawa da kwali kafin na sa almakashi a kafet. A sama zan ɗora tabarmar roba saboda damina.

Litinin, 31 ga Maris

Barkanmu da sallah, Allah ya maimaita mana. Ana gobe sallah da daddare muka ɗaura kujeru, layin ya sha giris yana tafiya da yatsa ɗaya. Bel na gaba duka biyu na canja, tsofaffin sun yi furfura a gefe kuma ɗaya in ka fizga ba ya kamawa. Ba don 'yan Rod Sefti kawai ba, duk da tun 2003 suke kama marasa bel, ni dai bel ɗin da rana ta ci shekara da shekaru ban yarda in ɗora masa rai ba.

Yau muka je Zariya gaida dangi, ni da Hajiya da maman yara da yara uku. Na buɗe wa Hajiya baya tace a'a, gaba za ta zauna inda ta saba. Ta zauna ta shafa yadin, ta jawo matashin kai sama da kanta ba wanda ya nuna mata, ta gyara mayafi. Har muka wuce Kawo ba ta yi magana ba. Wajen Jaji na waiga na ga carbin nan a hannunta tana ja. Sai can tace, kai Babanku baya wuce tamanin a hanyar nan. Na sauke ƙafa.

Tafiyar kusan kilomita 80 ce, zuwa da dawowa bayana bai yi ciwo ba, rigata ba ta jiƙe ba duk da zafin da ake yi. Ƙarar da ke shigowa ta ƙasa ta ragu sosai har ana hira ba a ɗaga murya. Auta ta zubar da zoɓo a kujerar baya tun kafin mu fita gari, rabi a kan leda rabi a kan yadi, na ledar tsumma ɗaya ya ɗauke, na yadin sai da na bi da ruwan sabulu da muka dawo kuma ya fita saura ɗan alama. Zan sa a ɗinka wa bayan riga ta sama mai cirewa a wanke.

A gidan kawu mutane suka kewaye motar, wani tsohon direban tasha ya leƙa ciki ya daɗe, yace wa ya maka kujerun nan, na faɗa masa, yace a gaishe shi.

Asabar, 3 ga Mayu

Daren jiya aka yi ruwa mai ƙarfi, na farko na kirki a bana, kuma da gangan na bar ta a waje. Da asuba bayan na dawo masallaci na ɗaga kafet na shafa da hannu, gaba a bushe ƙamas ta kowane gefe, Alhamdulillah. But ne na samu ɗan ruwa a gefen hagu, robar murfin ce, na riga na aika a nemo min.

Wata guda kenan kullum ita nake hawa. Soson direba ya ɗan zauna kaɗan kamar yadda Baba mai kushin yace zai yi, yanzu ma yafi daɗi. Tattarar silin ta baje. Kilif biyu na ƙofar baya sun saki saboda yara na jan aljihun ƙofar, na canja su da masu ƙarfi.

Saura dashbod. Rana ta tsaga shi wuri uku a sama, kuma har yanzu ina tsakanin a lulluɓe shi da leda ko in jira a samu na gwanjo mai lafiya, mai waldar yace akwai wata da za a yanka kwanan nan zai duba min. Kafin nan na sa masa ƙyalle ina kuma rufe gilashi in na yi fakin. Sai bel na baya da nake so a saka saboda yara, ranar Laraba zan kai a duba wurin ɗaurawa. Rediyon Baba mai kaset kuwa ba zan cire ba, mai rewaya yace waya ɗaya ce ta tsinke a baya, zai haɗa in na kai ta.